Laraba: tsakanin masaƙa da kwamfuta

Yau na wuni a kan zanen da nake so a saƙa mini don ratayewa a bango, kuma abin da ya fi cin lokacina shi ne rage launuka. Kwamfuta tana iya nuna launuka sama da miliyan 16, masaƙa kuwa ba ta san komai ba sai zaren da aka ɗaura mata. Tun da zare ba ya gauraya kamar fenti, sai da na raba shuɗin sararin sama zuwa fari da baƙi da shuɗi mai duhu, na bar wa ido ya haɗa su daga nesa.

Bayan azahar na kai wa wani dattijo masaƙi takardar da na buga, wadda na rarraba zanen a kanta gida-gida. Na same shi ƙafafunsa a kan takala, ƙoshiya tana kai da komo a hannunsa. Ya daɗe yana bin gidajen da yatsa kafin ya ce, "Ɗana, ai wannan ƙirga ne, kuma ƙirga shi ne sana'armu." Ya nuna mini cewa duk layin da na lanƙwasa zai fito hawa-hawa, domin zare tsaye da kwance kawai ya sani, daidai yadda hoto yake fashewa a kwamfuta idan an zuƙo shi da yawa.

Wannan dangantaka tana da tarihi. A 1804 Joseph Marie Jacquard ya fito da masaƙa a birnin Liyon na Faransa wadda katuna masu huji suke sarrafawa, huji ko rashinsa ne yake yanke ko zare zai ɗaga, kuma daga nan masanin lissafi ɗan Ingila Charles Babbage ya ɗauki dabarar katunan don injin lissafinsa.

Da dare na koma kallon ayyukan mai fasahar zane Otobong Nkanga, wadda aka haifa a Kano a 1974, take zaune a Antwerp ta Beljiyam. Ana saƙa manyan ayyukanta a TextielLab, wata cibiyar saƙa da ke Tilburg a ƙasar Holan, a kan masaƙar Jacquard mai aiki da kwamfuta. A cikin aikinta mai suna The Weight of Scars na 2015 ta ɗora hotunan ƙasar da haƙar ma'adinai ta yi wa rauni a Namibiya a kan saƙa, kuma ni a ganina kaurin zaren ne ya ba raunukan nauyin da hoton waya ba zai ba su ba. Shi ya sa ban yarda da masu cewa saƙar inji ba fasaha ba ce, domin mutum ne yake zaɓen kowane zare.

Gobe zan shiga kasuwa in sayo zaren tukuna, sannan in gyara launukan zanen su bi abin da na samu.