Man da babbar a-kori-kura ke sha a titunan Texas

A Amurka ba a sayar da sabuwar mota sai da wata takarda manne a gilashinta, mai ɗauke da farashi, da kayan da aka sa mata, da kuma yawan man da take sha. Dokar manna takardar tun 1958 take, wani sanatan jihar Oklahoma mai suna Mike Monroney ne ya kawo ta. Alƙaluman mai daga baya aka ƙara su, kuma hukumar kare muhalli ta EPA ce ke kula da su. Tawa motar ta hannu ce, Ford F-150 ƙirar 2018, mai ƙofa huɗu, inji silinda takwas mai lita 5, tayoyinta huɗu duk suna ja. Takardarta ta daɗe da ɓarewa kafin ta zo hannuna, amma abin da aka rubuta wa irinta sananne ne: mil 16 a galan ɗaya cikin gari, 22 a babbar hanya, 18 in an gwama. Galan na Amurka lita 3.8 ne, mil kuma kilomita 1.6, wato kusan kilomita 7 a lita cikin gari, 9 da ɗoriya a babbar hanya.

Gyaran gidaje nake yi a Houston: shingen katako, tayil, fenti, wani lokaci rufi. Bodin motar kullum da buhunan siminti ko katakai, ga tsani a sama, ga akwatin kayan aiki. Na faɗi haka ne don a san ba ta ado ba ce, domin a nan Texas akwai a-kori-kura da yawa da bodinsu bai taɓa ganin ƙura ba, daga gida sai ofis sai kanti.

Yadda nake awo ba wani abin a zo a gani ba ne. In na shiga gidan mai sai in cika tanki, famfo na katsewa da kansa in cire, ba na ƙara matsawa. In mayar da ma'aunin tafiya sifili. In na dawo cikawa sai in raba mil ɗin da na yi da galan ɗin da ya shiga, in rubuta a bayan rasit tare da irin aikin da motar ta yi. Tanki ɗaya ba ya gaya maka komai, domin wani famfon yana saurin katsewa, wani filin kuma a karkace yake. Sai rasit sun taru kafin gaskiya ta fito. Lambar da ke fitowa a gaban direba ma tana da amfani, amma kiyasi ne kwamfutar mota ke yi, kuma a tawa takan ɗara lissafin hannu da kusan mil ɗaya. Ina dubanta don in ga yadda ƙafata ke aiki a kan totur, kuɗi kuwa da rasit nake lissafa su.

Cikin gari, da kayan aiki da esi a kunne, tsakanin mil 14 da 15 a galan take ba ni. A babbar hanya in na riƙe ta a mil 65 a awa, babu kaya, takan kai 21, wani lokaci 22 daidai yadda aka rubuta. In na bi sahun jama'a a 75 zuwa 80 sai ta faɗo 17 ko 18. In kuwa na ɗaura mata tirela mai nauyi, wato keken kaya da ake ja a bayan mota, 9 zuwa 11 ne, ko da wane irin lallashi.

Mutane da yawa suna cewa takardar ƙarya ce, ni ban yarda ba. Ba a kan titi ake gwajin ba. Cikin ɗaki ake ɗora motar a kan wasu manyan naɗe-naɗen ƙarfe, tayoyi suna juyawa tana tsaye wuri ɗaya, direba yana bin tsarin gudu da aka zana masa. Kamfanonin ne ke yin gwajin da kansu, EPA ta ɗauki wani kaso ta sake aunawa a ɗakinta da ke Ann Arbor a jihar Michigan. Tsohon gwajin babbar hanya matsakaicin gudunsa mil 48 ne a awa, ƙololuwarsa 60. Daga motocin 2008 aka shigar da ƙarin gwaje-gwaje uku cikin lissafin: na gudu mai zafi da ke taɓa 80 na ɗan lokaci, na kunna esi cikin zafi, da na sanyi mai tsanani. An matso kusa da gaskiya, amma har yanzu babu gwajin da ya yi kama da mutum ya bar Houston ya nufi Dallas a kan babbar hanyar I-45, kusan mil 240, ya dasa ƙafa a 78 bai ɗaga ba sai ya ji yunwa. Amfanin takardar shi ne ka ajiye mota biyu gefe da gefe ka san wadda ta fi sha. Manyan yayyen tawa, irin su F-250, ba ma a tilasta a rubuta musu wannan lamba saboda nauyinsu ya wuce iyakar da dokar ta shata, don haka masu su da rasit kaɗai suke sanin halin da suke ciki.

Gudu shi ne babban ɓarawon mai, kuma a nan ne na fi daɗewa ina gwaji. Mota irin wannan doguwa ce, faffaɗa, gabanta a miƙe. Tafiyarta cikin iska kamar mutum ne ya ɗauki fallen kwano a tsaye yana kutsawa cikin iskar hunturu. Kuma turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkuwa take yi: ka ninka gudu sau biyu, ta ninka sau huɗu. Daga 65 zuwa 80 ƙarin mil 15 ne kacal a ido, amma abin da injin ke turewa ya ƙaru da kusan rabi. Texas kuma jiha ce mai zuga ƙafa. A yammacinta akwai wuraren da doka ta yarda da 80 a kan I-10, wani yanki na hanya mai lamba 130 da ke kudu da Austin ma har 85 aka amince, babu mai wannan a duk ƙasar. Na taɓa bin ta don in gani da idona, allurar mai kuwa ana kallonta tana sauka.

Na zauna na lissafa tafiyar Dallas. A 65 awa uku da minti arba'in ce, galan 11 da ɗan wani abu. A 78 awa uku da 'yan mintuna, galan wajen 14. Wato rabin awa nake saya da galan biyu da rabi. Ranar da mai gida yake jirana da ma'aikata a tsaye ana biyansu, rabin awan ya fi man tsada, sai in taka. Ranar da iyali na ɗauka za mu gaida 'yan uwa, sai in koma layin dama in bar masu sauri su wuce. Iskar gaba ma tana da nata: hanya ɗaya, gudu ɗaya, zuwa da dawowa sukan bambanta da mil biyu a galan, ya danganta da inda iska ta fuskanta ranar.

Nauyi a cikin bodi bai cika damunta a babbar hanya ba, abin da ya ba ni mamaki da farko. Buhunan siminti goma a kwance ba sa taɓa iska, da zarar mota ta ɗauki hanya sai ta manta da su. A cikin gari ne suke ci, inda kowace danja sai an tsayar da nauyin an sake tayar da shi. Tsanin da ke sama kuwa, wanda yaro zai iya ɗagawa, ya fi simintin cin mai in an hau babbar hanya. Yanzu in ba ranar aikinsa ba ce a gida yake kwana.

Tirela ita ce mai gayya. Bayan guguwar Beryl da ta faɗa wa Houston a watan Yulin 2024, shingaye sun zube unguwa-unguwa, na yi makonni ina jan tirela, in kai sabbin katakai in kwaso tsofaffi. Tankina babba ne, galan 36, kusan lita 136, wanda a tafiyar lumana yake kai ni sama da mil 700. A wancan lokacin da kyar yake haura 350. Wani abokin sana'ata yana da F-150 mai ƙaramin inji silinda shida mai tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, irin da suke kira EcoBoost. In babu kaya ya fi ni sauƙin mai ƙwarai, babu gardama. Da muka ɗaura tireloli masu kama da juna sai muka tarar tazarar ta kusa rufewa, domin tobo in aka matsa masa iska yake ƙara cusawa, iskar kuma da mai take tafiya. Duk mai son sayen irin wannan mota ya fara tambayar kansa kwana nawa a wata zai ja kaya, amsar ita ce za ta zaɓa masa inji.

Sai zafi. Bazarar Houston ga zafi ga gumi, ma'aikaci kuma ba shi da inuwar da ta wuce motarsa. Zama a ciki lokacin cin abincin rana, inji a silo, esi na busawa, yana shan kusan rabin galan a awa, mil kuwa sifili. Ban daina ba, lafiya ta fi mai, amma na daina ɗora wa motar laifin ramin da yake yi a lissafi. Motar tana da tsarin kashe kanta in an tsaya a danja, ta tashi in an saki birki. Mutane da yawa suna kashe shi don haushi, ni na bar shi, ko da yake in zafi ya tsananta ba ta cika mutuwa ba saboda esi.

Sauran dabarun da ake yayatawa yawanci ba su kai surutunsu ba. Sauke ƙofar bodi don iska ta wuce ba ya rage komai, a rufe ma ya fi. Fetur mai tsada na gwada, ban ga abin da ya mayar mini da kuɗina ba. Man E85, wanda yawancinsa etanol ne na masara, ya fi araha a famfo kuma injina yana karɓarsa, sai dai yana rage tafiya da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka in rangwamen bai kai haka ba asara ce. Shi kansa fetur na yau da kullum a nan akwai etanol kashi 10 cikin ɗari a ciki, wanda ke rage kusan kashi 3. Iskar taya ina dubawa da safe kafin ta yi zafi. Manyan tayoyi masu kaushi da ɗaga mota sama, da samari ke so, suna cin mil ɗaya ko biyu a galan, kuma suna rikita ma'aunin tafiya har mutum ya kasa sanin nawa ya rasa.

Mil ɗaya ko biyu kamar ba komai ba ne sai an juya lissafin. Mai yin mil 15,000 a shekara, in motarsa tana ba shi 15 a galan zai sayi galan 1,000. In ya kai ta 18 zai sayi 833, ya tsira da 167. Mai ƙaramar mota da ya tashi daga 30 ya koma 40 galan 125 kawai ya rage. Wato ɗan gyaran hali a kan a-kori-kura ya fi canja ƙaramar mota ɗungurungum riba. Na ji wannan a jikina a watan Yunin 2022, lokacin da matsakaicin farashin galan a Amurka ya haura dala 5 karon farko. Texas ba ta kai haka ba, amma ta wuce dala 4 da rabi, cika tankina ya zarce dala 160, har wasu famfunan sukan katse a dala 100 sai an sake saka kati. Na yi tunanin sayen wata ƙaramar mota don zirga-zirga, da na haɗa kuɗin inshora da rajista da gyara sai na ga ba ta fitar da kanta. Abin da muka yi shi ne motar uwargida ta zama ta cefane da masallaci da makarantar yara, tawa kuma ba ta fita sai da dalili.

Ƙanena da ke Kano ya daɗe yana damuna da maganar Toyota Tundra, tun da ya ji a San Antonio ake ƙera ta, tafiyar awa uku daga inda nake. Ya kira ni ya ce, “Yaya, ka samo mini mai silinda takwas ɗin nan, ko ta hannu ce, ni dai in ga na shiga gari da ita.”

Na ce masa mota ce mai ƙarko, ba na musu, amma mai inji lita 5.7 da yake nufi an rubuta mata mil 13 cikin gari da 17 a babbar hanya, ita kanta Toyota ta bar wannan injin daga ƙirar 2022 ta koma silinda shida mai tobo. Na juya masa zuwa awon da ya sani: kilomita 5 da rabi a lita cikin gari, a cunkoson Kano da esi kuwa kada ya sa ran ko wannan. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne, zuwa da dawowa zai ƙona lita 70 ko kusa da haka. Ya ninka da farashin lita tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Na tambaye shi me zai riƙa ɗauka a bayanta.

Ya yi shiru, sannan ya ce taki da buhunan masara daga gona, sau 'yan kaɗan a shekara. Na ce to ya ɗauki hayar mota a waɗannan ranakun, ko ya nemi Hilux wadda kowane bakanike a gari ya san cikinta. Ya ce zai yi shawara da abokansa. Har yanzu yana turo mini hotunan Tundra.