Zuwa Abuja a jirgin ƙasa, dawowa Kaduna a mota

Na je Abuja ɗauko motata daga wurin gyara, don haka na tafi a jirgin ƙasa na dawo da tuƙi, duk a mako guda.

Tun dare na yanki tikiti ta intanet da lambar NIN, domin kujerun safe kan ƙare da wuri. Daga Kawo na bi Bypass na sauka Bakin Ruwa, na hau Keke Napep zuwa tashar Rigasa. Wannan ɗan tsakanin shi ke sa mutane rasa jirgi: cunkoson hanyar Rigasa, ga layin binciken kaya a ƙofa. A ware masa awa guda. Layin dogon, wanda aka buɗe a 2016, kilomita 186 ne zuwa tashar Idu a Abuja, kuma mun yi awa biyu da ɗoriya. Fasinjoji da dama sun sauka Kubwa. Ni na kai Idu, inda kuɗin tasi zuwa cikin gari ya cinye rabin sauƙin da na samu.

Kafin na tayar da motar na duba baƙin mai, ruwan lagireto, man birki da iskar tayoyi, har safaya. Na tabbatar jak da wilsifana suna but. Corolla ce, ta sha lita 17 da na'urar sanyaya a kunne, kuma tun cire tallafin mai a 2023 wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mutum ɗaya.

Daga Zuba zuwa Tafa ne aikin yake. Tireloli da tankoki sun jeru a gefen titi, mota na tafiyar hawainiya, allurar zafi ta fara hawa. Idan fankar lagireto ta mutu, a irin nan take tona asiri, saboda babu iskar gudu da za ta sanyaya injin. Na kashe sanyi, allurar ta sauka. Da ta kai ja, sai a faka a jira, kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan zai watso wa mutum a fuska. Inda aka haɗe hannu biyu wuri guda saboda gyaran titi, ban yi gigin wuce kowa ba.

Na wuce Jere, Katari da Rijana da rana tsaka, don ba na yarda magariba ta same ni a wannan yanki. Idan ni kaɗai ne da jaka, jirgi zan sake bi. Ranar da zan ɗauki uwargida da yara uku da buhun shinkafa, tikiti biyar da tasi biyu sun fi lita 17 tsada, mota zan fitar.