Larabcin zaure da Larabcin bas

Na sauka Alƙahira ina ji da kaina. Shekara da shekaru ina gurfane a zauren malam a Kano, na sha nahawu da sarfu, har ƙanana na ɗaukar karatu a wurina. A zatona abin da ya rage kawai in shiga Jami'ar Azhar in ɗora daga inda na tsaya.

Kwana uku da zuwana na hau ƙaramar bas daga Hayyul Ashir, unguwar da ke can ƙarshen Madinatu Nasr inda ɗalibai baƙi da yawa ke kama haya. Na tambayi direba kuɗin mota da tsantsar Larabcin littafi, ban bar wasali ko ɗaya ba. Ya waiwayo ya ƙare mini kallo, ya ce, "Sadaƙallahul azim." Fasinjoji suka tuntsire da dariya. Ni kuwa ko kusa ban gane amsar da ya ba ni daga baya ba, har muka wuce inda zan sauka, don ban san yadda ake cewa a tsaya ba.

Nan na fara sabon karatu. Bamisiren Alƙahira ba ya cewa jim sai "gim", ƙaf kuma haɗiye ta yake yi, alƙalami ya koma "alam". "Ina" ita ce "fen", "nawa" kuma "bikam". In za ka sauka sai ka ɗaga murya ka ce "ala gamb ya usɗa", wato a gefe, direba. Ba kwandasta a irin waɗannan motocin. Na baya zai taɓa kafaɗarka ya miƙo kuɗinsa, kai ma ka miƙa gaba, canji ya dawo ta hannun mutum biyar bai yi ciwon kai ba. Wanda ya zauna bayan direba shi lissafi ke faɗa wa. Ranar da ya faɗo kaina na koyi ƙidayar Masar a cikin minti goma, gumi na keto mini duk da sanyin Janairu.

Da farko na raina wannan harshe, ina ganinsa Larabci ne da ya lalace. Wasu abokaina ma har yau haka suke kallonsa. Aji ne ya sauke mini girman kai. A Darrasa, unguwar da muke ɗaukar karatu, kusa da masallacin Azhar da Faɗimiyyawa suka fara ginawa a 970, malami zai karanta matani da fusha tas, wato Larabcin littafi, amma da ya zo wurin warware mas'ala mai wuya sai ya zame zuwa ammiyya, wato Larabcin kan titi. Misali, barkwanci, har bayanin abin da zai fito a jarrabawa, duk da ita suke zuwa. Wata uku ina rubuta abin da ke cikin littafi, ainihin bayanin yana wuce ni. Wani ɗan Zinder da ya riga ni zuwa da shekara biyu ya ce mini, "Malam, daina zaman ɗaki da 'yan gida. Je ka sayi ful da kanka." Na bi shawararsa. Mai ful da ɗa'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosan Masar, na bakin layinmu ya zama malamina na safe, bai kuma taɓa sanin haka ba.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa bai ba ni wahala ba. Tun 1987 yake aiki, shi ne na farko a Afirka, sunayen tashoshi a rubuce suke, ba ka buƙatar bakin kowa. Ka dai kiyaye taragun mata da ke tsakiya, na taɓa afkawa ciki da gudu a tashar Ataba, ban ji da daɗi ba. Sai dai jirgin bai koya mini kalma ko ɗaya ba, shi ya sa ko da akwai shi nakan zaɓi bas in ba sauri nake ba.

A shekara ta uku na je tarbar wani sabon ɗalibi daga Katsina. Muna cikin bas na ga ya gyara murya zai yi wa direba magana. Na yi niyyar riƙe masa hannu, sai kuma na fasa, na gyara zama ina saurare.