Mun yashe kwata, saura kansila

Asabar ɗin nan mun yi aikin gayya a Tudun Wada, muka yashe kwata kafin damina ta kankama. Matasa da shebur, iyaye mata da kunu, wani dattijo ya ba da aron baro. Ledar fiya-wata kuwa, sai ka rantse shuka ta muke yi!

Abin da ya tsaya mini a rai, ranar zaɓen kansila ba a ganin irin wannan fitowar. Alhali tun 2024 Kotun Ƙoli ta ce kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa shiga hannunsu kai tsaye. Wa ya taɓa tambayar me aka ware wa mazaɓarsa?

Mun dai aika wa kansilanmu mu haɗu Juma'a bayan la'asar a ƙofar mai unguwa. Mun ce ya taho da takarda.