Ai kwamfuta ce ke yi

Saura kwana tara ƙaramar Sallah wani Alhaji ya shigo shagona a Jekadafari da farar gezna yadi goma a leda. Babbar riga yake so, da 'yar ciki da wando. Ya ciro waya ya nuna min hoton mahaifinsa sanye da riga mai adon aska takwas, aikin hannu na Zariya, ya ce irinta sak yake so ya hau Idi da ita. Da na faɗa masa kuɗin aiki sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Haba Malam tela, ai kwamfuta ce ke yi. Kai naka ka danna ka koma ka zauna."

Na sha jin wannan magana a Gombe, daga bakin manya da yara. Amma ranar ta tsaya min a rai, wataƙila don rigar da ya nuna min irin wadda na tashi ina gani a hannun kawuna ce a Tudun Wada, yana zaune a zaure da allura da alharini, wata uku yana kan riga ɗaya. A wurinsa na koyi riƙe allura kafin in hau keke mai ƙafa, daga nan na koma kekunan ado na tinko da finis. Shekara biyar ke nan da na sayi keken ado na kwamfuta mai kai ɗaya, allura 12, ɗan Sin, allonsa na kamfanin Dahao. Na karɓi aikin Alhaji, na kuma roƙe shi ya aiko min da rigar kanta, domin a hoton tana jikin mutum, ta naɗe a kafaɗa, rabin askokin sun ɓuya.

Keken nan ba ya ganin hoto, ba ya kuma ganin yadi. Abin da yake karantawa daga filashi shi ne fayil ɗin DST, wanda kamfanin Tajima na Japan ya ƙirƙiro, kusan duk manyan kekuna kuma suna gane shi. Cikinsa umarni ne zalla: matsa nan ka soka, matsa can ka soka, tsallake, tsaya a canza allura. Da kashi ɗaya cikin goma na milimita yake awo, kuma taku ɗaya ba ya wuce milimita 12.1. Ko launin zare ba ya riƙewa, kai za ka gaya wa keke wace allura ce ta fari, wace ce ta biyu. Ƙananan kekunan gida suna da nasu, Brother na cin PES, Janome na cin JEF, amma duk tafiyar ɗaya ce. Kowace suka da allura za ta yi, akwai mutumin da ya zauna ya yanke inda za ta faɗa.

Da rigar ta iso na shimfiɗa ta a tabarma, na bi ta da tef, na kwafi askokin a takarda ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga abin da hoto bai nuna ba: babu aska biyu da tsawonsu ya zo daidai, kuma tambarin da ke gefen dama ya ɗan karkata. Hannun mai aikin ne ya bar su haka, a nan kuma kyan rigar yake. Na yanke shawarar ba zan miƙe su ba. Dare uku na yi a kan zanen, daga idar da sallar asham zuwa wajen ƙarfe ɗaya.

Da Wilcom nake aiki, manhajar wani kamfani na Ostareliya. Yaron shagona kuwa na ɗora shi a kan Ink/Stitch, wadda ake haɗawa da Inkscape, duka biyun kyauta ne, kuma sun ishi mai koyo ya gane yadda zare ke tafiya. Wilcom tana da wurin da za ka jefa hoto ta mayar maka da shi ɗinki da kanta. Ban taɓa ganin ya fitar da abin da zan iya ɗorawa a kan shaddar mutane ba. Yana cika wuri da suka barkatai, yana tsalle daga gabas zuwa yamma, ya bar maka zare rataye ko'ina.

Ɗinkin da ake gina komai da shi iri uku ne: mai bin layi, da satin da ke kai da komo daga gefe zuwa gefe yana sheƙi, da tatami mai cike fili. Aska kuwa sama tana da faɗi, tana sauka tana tsukewa har ta zama tsini. In ka yi mata satin tun daga sama, zaren zai yi tsawo ya saki, maɓallin agogo ko zobe ya kama shi ranar farko. Ni ba na barin satin ya haura milimita 7 a kan riga. Don haka na raba kowace aska: gefunan satin, cikin kuma na yi 'yan ƙananan da'irori jere kamar saƙar zuma, don su kwaikwayi hudojin da mai aikin hannu ke yi. Shi yana huda yadin ne ya ɗaure bakin hudar da zare, haske na ratsawa. Kekena ba shi da abin huda, nawa zane ne kawai a saman yadi. Na kira Alhaji na gaya masa haka tun kafin in soka allura, don kada ya zo ya ɗaga riga a rana yana neman ƙofofin.

Sai abin da mai riga ba zai taɓa gani ba. Ƙarƙashin kowane satin akwai ɗinkin harsashi da ke fara kama yadin ya manne shi da takardar da muke shimfiɗawa a baya, kamar tushen gini. In babu shi, adon zai nutse, yadin ya tattare. Zare kuma yana jan yadi ta fuskar da yake tafiya. Ka zana tambari zagaye cif a allo, a yadi zai fito kamar ƙwai. Dole ka ƙara masa faɗi kaɗan, wajen milimita 0.3, ta ɓangaren da za a ja shi. Nawa za ka ƙara, ya danganta da yadin: abin da ya yi wa gezna daidai zai ɓata boyel.

Da kuɗina na koyi wannan. A shekarata ta farko na sauke wani zane daga zauren teloli na WhatsApp, DST ne, na ga ya yi wa wuyan kaftani kaɗan, sai na ƙara masa girma da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ban san cewa yawan sukar na nan yadda yake ba, tazara ce kawai ke buɗewa. Aikin ya fito da giɓi, shadda na leƙowa ta tsakanin zare. Na zauna farkewa, a nan na gane shadda ba ta mantuwa: duk inda allura ta shiga, ramin na nan ko an kai ta wurin masu bugu. Na sayi wani yadin na biya mai shi. Tun daga ranar ba na taɓa girman DST fiye da kashi 10 cikin 100, kuma duk abin da na zana ina ajiye asalinsa a EMB, fayil ɗin Wilcom, wanda in ka ƙara girma yake sake lissafin sukar da kansa.

Zanen da ke yawo a waya yana damuna ta wata fuskar ma. Ka tsaya a filin Idi ka dubi ƙirjin samari, fure ɗaya za ka gani a riga ashirin, an kwaso shi daga wata ƙasa, ya bi ta waya ɗari kafin ya iso Pantami. Alhali muna da dagi, muna da tambari, muna da aska biyu da aska takwas, manyanmu da suka san ƙa'idar kowanne suna nan da rai a zaurukansu. Zan so a ce kowane mai keken kwamfuta a garin nan ya zauna ya zana ko ɗaya daga cikinsu da hannunsa.

Da na gama zane na gwada askoki uku a ƙyallen da ya ragu daga geznar, na kai wa Kawu. Bai dubi gaban ba, juya shi ya yi ya shafa bayan, sannan ya lanƙwasa ƙyallen a tafinsa. Ya ce, "Bayan ya yi tsabta. Amma wannan ta ukun ta yi tauri, ɗana. Ba za ta kwanta a ƙirji ba, tsayawa za ta yi kamar fata." Na ce, "To Kawu." Na koma na buɗa tazarar zare daga milimita 0.4 zuwa 0.45, na rage harsashin wurin, na sake gwadawa har ƙyallen ya riƙa faɗuwa da kansa. Har yau Kawu ba ya kiran abin da nake yi aiki, "bugun inji" yake cewa, ban kuma taɓa yi masa musu ba.

Ranar ɗinki manhaja ta nuna suka 148,000 gaba da baya. A gudun 650 a minti, kusan awa huɗu ke nan in keke bai tsaya ba, kuma babu ranar da ba ya tsayawa. Na sa sabuwar allura lamba 75, zare lamba 40 na foliyesta, domin ya fi rayon jure wanki da sitati ko da bai kai shi sheƙi ba. Adon ya fi firam ɗin da nake ɗaure yadi a kai girma, sai da na kwance na sake ɗaurawa sau uku, kowane karo ina bin alamar alli don askar da ta tsaya a nan ta haɗu da ragowarta a can. Kuskuren milimita biyu a wannan gaɓa, kowa zai gani daga nesa. Kwarkwaro ya ƙare sau shida. Zare ya tsinke ban ƙirga ba, kowane tsinkewa sai ka zura, ka mayar da keke baya 'yan taku don kada a bar giɓi. Wajen azahar aka ɗauke wuta, muka tayar da janareta. Tun hantsi muke kai, sai dab da shan ruwa allura ta tsaya, sannan yaro ya zauna da ɗan almakashi yana tsince zare yana yage takardar baya.

Alhaji ya leƙo bayan la'asar a ranar, ya tarar da ni a durƙushe ina daidaita firam na uku. Ya ɗan jima a tsaye yana kallo, ya tambayi me alamun allin nan suke yi, na nuna masa. Ranar jajibere ya zo ya karɓi kayansa tare da rigar mahaifinsa, ya biya abin da muka yi da shi.

Zanen yana nan a kwamfutata da kuma filashi biyu. Bayan Sallah Kawu ya buɗe akwatinsa ya ba ni aron wata tsohuwar saƙi mai aska biyu, wadda ya yi tun kafin a haife ni, da sharaɗin kada in kai ta shago ƙura ta hau ta. A gida nake auna ta, na gama askar farko, tambarin bayan ne ya rage min.