Wasiƙa daga Gadarif ta ƙasar Sudan: makarantar da aka gina da gayya

Assalamu alaikum 'yan'uwana na gida, iyaye da malamai.

Labarin firamaren unguwarmu nake son ba ku, domin ana yawan aiko mana da hotunan sababbin ajujuwanku, kwano a ƙasa-ƙasa, tagogi kamar na kurkuku, abin yana damuna.

Kakanninmu da ƙafa suka zo, hanyar Makka ta ajiye su. Wasu sun biyo ayarin da ya taso bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Namu suka zarce nan Gadarif, ƙasar dawa da riɗi. Da makarantar allo suka fara, wadda a nan ake kira halwa, kuma sun daɗe suna ɗari-ɗari da boko. Da suka aminta, ba su jira gwamnati ba. Gayya suka kira, nafir a bakin mutanen nan: mai kuɗin riɗi ya sayi jan bulo, mai jaki ya kawo ruwa, mata suka dafa.

Ginin ne abin kallo. Ƙasarmu baƙar laka ce, da damina ta kumbura, da rani ta tsage, sai ta tafi da bango. Don haka magina suka zurfafa harsashi, suka raba ajujuwan biyu-biyu, in ɗaya ya tsage kada ya ja sauran. Tagogi suna duban kudu da arewa, iska na ratsawa, rana ba ta shiga ido. Rufin da tsayi, ga baranda a gaban kowane aji. A tsakar gida dattawa suka dasa darbejiya, ƙarƙashinta randuna a jere. Nan muke cin wake da burodi da hantsi, nan kuma malam ke fito da mu in zafi ya tsananta. Ni kam rabin karatuna a inuwar nan na yi shi.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsayar da karatu. Da mutanen birnin Wad Madani suka gudo a Disambar shekarar, ajujuwan nan ne suka karɓe su, iyali uku ko huɗu a ɗaki, an raba da zannuwa. Wata tsohuwa ta ce mini barandar ce ta rufa musu asiri.

Ku da kuke shirin gini, don Allah ku ɗaga rufi, ku faɗaɗa taga, ku dasa bishiya tun kafin a kawo siminti. Ku sa mu a addu'a.

Ɗan'uwanku a Gadarif