Launin Zare da Abin da Ido Ke Iya Riƙewa

Sana'ata ɗinki da surfani a Tudun Wadar Kaduna, kuma na daɗe ina lura da cewa idan na nuna wa yaron shago launin shadda, na aike shi Kasuwar Barci ya sayo zaren da zai dace da ita, yakan dawo da wanda ya yi kusa amma bai yi daidai ba, ko da kuwa yaro ne mai natsuwa.

Don in gano dalili, sai na shirya gwaji a cikin shago. Nakan nuna wa yaro ƙyalle, in ɓoye shi, ya jira kamar rabin minti, sannan ya zaɓo zaren daga akwati. Idan ya yi jiran yana kallon farin bango, galibi yakan dace. Idan kuwa na shimfiɗa masa atamfa mai launuka, ko na bar shi ya leƙa wayarsa, sai zaɓinsa ya karkata wajen launin da ya gani daga baya, musamman idan launukan suna kama da juna, kamar shuɗi mai duhu da ruwan bula. Abin mamaki, surutun rediyo bai cika ɓata masa zaɓi ba.

Masana sun riga sun bayyana wannan. Tun 1974 Baddeley da Hitch suka nuna cewa ƙwaƙwalwa tana da ma'ajiyar wucin gadi ta abin da ido ya gani, daban da ta magana da sauti. A 1997 kuma Luck da Vogel suka gano cewa wannan ma'ajiya ba ta ɗaukar fiye da abubuwa uku zuwa huɗu a lokaci guda. To, yaron da zai ratsa rumfunan gwanjo da na yadi, ina zai sami wurin ajiye launin shaddata? Wani binciken Vogel na 2005 ya ƙara da cewa mutane sun bambanta wajen iya tare abin da bai shafe su ba, wanda hakan na gani ƙarara tsakanin yarana.

Yanzu nakan sa yaro ya faɗi launin da bakinsa, ya kuma rubuta lambar zaren idan akwai, domin kalma tana shiga ɗaya ma'ajiyar. Idan launin mai wuyar suna ne, sai in yanka masa ƙyalle daga gefen yadin ya tafi da shi, ya ɗora zaren a kansa a hasken rana, ba ƙarƙashin ƙwan lantarkin rumfa ba.